Ramukan kuza na Jos

Jos gari ne a Najeriya, bisa tudu mai sanyi. Wajen shekara ta 1904 Turawan Ingila suka fara haƙar kuza a can. Ƴan ci-rani da yawa daga ƙasar Hausa sun tafi aikin lebura. A 1985 kuɗin kuza ya faɗi, aikin ya ja baya. Amma ramuka da tarin ƙasa suna nan a Bukuru da Barikin Ladi. Ramukan sun cika da ruwa, mutane da dabbobi sukan faɗa ciki.

Hatsi ba ya yin kyau a wurin, domin masu haƙa sun binne ƙasar sama mai taki, sun fiddo yumɓu da tsakuwa.

Yaya ake gyara irin wannan ƙasa? Da farko a cike rami, a baje tudu, a zuba taki. A Jos an dasa itacen turare. Yana girma da sauri, amma baƙo ne, yana shan ruwa da yawa, ganyensa kuma ba ya saurin ruɓewa. Ciyawa da itatuwan gida sun fi. Gamba tana riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. Ɗorawa tana ba da inuwa, tsuntsaye su sauka, su kawo irin wasu itatuwa.

Manoma ma sun yi dabara. Suna zuba tokar juji, suna noman tumatir da ruwan ramukan da rani. Ɓarna ba ta da wuya, gyara kuwa sai shekaru.