Kafa alama da adana wuri a taswirar salula: matsalar sunayen garuruwa a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

0. Gabatarwa

A da, ɗalibin da ya fita bincike ƙauye yakan rubuta abu uku a kan littafinsa: sunan ƙauye, sunan kanto, da sunan arondisma. A yau ana buƙatar ya ƙara na huɗu, wato lambobin wurin kamar yadda taswirar salula ta ba da su. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda ake kafa alama a irin wannan taswira da yadda ake adana ta, sannan mu nuna cewa babban rabo na wannan aiki yana wuyan masanin harshe, domin alamar da ba ta da ingantaccen suna ba ta amfanar kowa sai wanda ya kafa ta. Mun ɗauko misalanmu daga gundumomi uku na jahar Maraɗi da ke kan babbar hanya ta 1: Gidan Rumji a yamma da birnin Maraɗi, Agye da Gazawa a gabas, kan hanyar Tasawa. Ya kamata a tuna cewa Gazawa ta zama gunduma ne a 2011; kafin nan tana ƙarƙashin Agye. Saboda haka takardar da aka rubuta kafin wannan shekara tana iya sanya ƙauyukan Gazawa da na Gangara a cikin Agye.

1. Abin da salula ke adanawa

1.1. Lambobi biyu

Salula tana gane inda take ta hanyar saƙon taurarin ɗan adam, musamman na tsarin GPS mallakar Amurka. Tun watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon da gangan, na'urar farar hula ke iya nuna wuri da kuskuren ƴan mitoci kawai idan sama a buɗe take. Wannan aiki bai dogara da layin waya ba: a tsakiyar gona, inda ba a iya ko kira, salula tana iya karanta lambobinta. Hoton taswirar ne ke buƙatar intanet, sai dai in an sauko da shi tun daga gari.

Lambobin biyu ne. Ta farko tana faɗin nisan wuri daga layin da ya raba duniya biyu, ta biyu kuma nisansa daga layin Girinwic na Ingila. Tun da ƙasarmu duka tana arewa da na farko, tana kuma gabas da na biyu, za mu kira su “lambar arewa” da “lambar gabas”. Yankin da muke magana a kai yana tsakanin digiri 13 da 14 a arewa, da misalin digiri 6 zuwa 8 a gabas. Digiri ɗaya na arewa ya kai kimanin kilomita 111. Don haka lamba biyar bayan ɗigo sun isa su nuna wuri da ratar mita ɗaya da ɗan kai.

1.2. Kurakurai uku na kwafi

Yawancin ɓatan da ake samu yana faruwa ne lokacin da aka kwafe lambobi daga salula zuwa takarda, ko daga takarda zuwa kwamfuta.

(1) Waƙafi da ɗigo. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya saba rubuta 13,5. Manhaja irin Google Maps kuwa ɗigo take so, 13.5, domin waƙafi a wurinta shi ke raba lambar arewa da ta gabas.

(2) Digiri da minti. Digiri ɗaya minti 60 ne. Saboda haka 13°30' daidai yake da 13.5, ba da 13.30 ba. Wanda ya haɗa su ya matsar da ƙauye kimanin kilomita 22.

(3) Juya tsari. Garin Agye yana wajen 13.5 a arewa da 7.8 a gabas. Idan aka fara rubuta 7.8, sannan 13.5, alamar za ta faɗa ƙasar Kamaru, arewa da Ngawundere.

1.3. Kafawa da adanawa

A yawancin manhajoji, mutum yana ɗora yatsa a kan wurin da yake so, ya riƙe na ɗan lokaci, sai alama ta fito. Daga nan ya ba ta suna ya adana. Akwai bambancin da ya kamata mai bincike ya sani. A Google Maps, wadda ta fito a 2005, sunan da mutum ya laƙaba wa wuri nasa ne shi kaɗai, yana haɗe da asusunsa. Idan yana son wurin ya bayyana ga jama'a, sai ya aika shawara, kamfanin ya duba. Manhajoji irin OsmAnd da Organic Maps suna amfani da taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, wadda kuma duk wanda ya yi rajista zai iya gyarawa. Waɗannan suna ajiye alamu a cikin salular kanta, ana kuma iya fitar da su a fayil na GPX ko KML. Idan salula ta ɓace ba a fitar da fayil ba, aikin ya tafi tare da ita.

2. Rubutun suna

2.1. Rubutu biyu don suna ɗaya

Sunayen da ke kan taswirorin salula a Nijar sun gaji rubutun taswirorin zamanin Faransa, sannan hukuma ta ci gaba da shi. Kundin garuruwa na ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a 2014, bisa ƙidayar 2012, shi ma da wannan rubutu yake. Rubutun Hausa kuwa ya bi wata hanya dabam, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa dokar ma'aikatar ilimi ta 1999. Ga yadda suke fuskantar juna:

(4) Guidan Roumdji, Guidan Roumji : Gidan Rumji
(5) Guidan Sori : Gidan Sori
(6) Gazaoua, Tessaoua, Madaoua : Gazawa, Tasawa, Madawa
(7) Dan Saga : Ɗan Saga
(8) Aguié : Agye (waɗansu na rubuta Age)

A (4) da (5), u ɗin da ke cikin gui- ba wasali ba ne. Dabara ce ta Faransanci don kada a karanta g kamar j. Haka nan dj tana wakiltar j, amma ba kullum ake sa d ɗin ba, shi ya sa gari ɗaya ke da rubutu biyu a takardun hukuma. A (6), ou tana aikin w, alhali a (4) tana aikin u. A (7) an zubar da lanƙwasar ɗ, kamar yadda aka yi wa sunan Maraɗi kansa. A (8) kuwa kunnen marubucin farko ya ji yadda g ke laushi gaban e, ya nemi ya kama wannan da -gui-.

Manhaja ba ta san cewa waɗannan rubuce-rubuce suna ɗaya ba ne, sai an gaya mata. Ɗalibin da ya rubuta Gazawa bisa ƙa'idar da muka koya masa yana iya ganin an kai shi wani gari mai wannan suna kusa da Marwa a Kamaru, domin can ne ake rubuta shi haka a hukumance.

2.2. Baƙaƙe masu lanƙwasa

Akwai wani dalili na fasaha da ke ƙara wa Hausa wahala. A tsarin Unicode, é ana iya rarraba shi zuwa e da alamar da ke kansa, don haka abu ne mai sauƙi manhaja ta ɗauki Aguie da Aguié a matsayin abu guda. Amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowanne baƙi ne mai zaman kansa, ba ya rarrabuwa. Sai masu manhaja sun yi tanadi na musamman kafin ta haɗa Ɗan da Dan. Saboda haka wanda ya adana wuri da ingantaccen rubutu kaɗai yana iya ɓoye shi ga abokin aikinsa da ba shi da allon rubutu na Hausa a salularsa. Maganin wannan shi ne a adana rubutun biyu tare. OpenStreetMap ta ba da dama: akwai gurbin name na sunan da aka fi sani, akwai name:ha na Hausa, name:fr na Faransanci, da alt_name na wani rubutu ko wani suna. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki, cika gurbin name:ha aiki ne da ya dace sassan ilimin harsuna su ɗauka, kafin waɗanda ba su san ƙa'ida ba su cika shi.

Ko rubutun Hausa ma bai nuna karin sauti da tsawon wasali: gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Don haka yana da kyau a ɗauki muryar ɗan gari yana faɗin sunan, a ajiye ta da lamba ɗaya da ta alamar.

2.3. Suna ɗaya, wurare da yawa

Sunan gari a ƙasar Hausa yawanci kalma biyu ce da harafin nasaba -n ko -r ya haɗa: Gidan wane, Garin wane, Zangon wane, Rugar wane. Tun da sunayen mutane suna maimaituwa, na garuruwa ma haka. Har manyan garuruwa ba su tsira ba. Tibirin Gobir, mazaunin Sarkin Gobir, yana gundumar Gidan Rumji; akwai kuma wani Tibiri a jahar Doso, fiye da kilomita 300 yamma. Gangara tana gundumar Gazawa, akwai wata Gangara a gundumar Tanut ta Damagaram.

Wannan ya shafi tsarin Plus Codes da Google ta fitar a 2014 don wuraren da ba su da lambar titi. Cikakkiyar lambar, mai harafi goma, tana nuna fili na kimanin mita 14 kowane gefe, ba ta buƙatar suna. Amma gajeriyar lambar da aka fi rabawa tana jingina ne da sunan gari mafi kusa. Idan sunan nan Tibiri ne ba tare da ƙarin bayani ba, matsalar da aka so kaucewa ta dawo.

3. Ina ne “gari”?

Taswira tana son ɗigo ɗaya. Bahaushe kuwa yana kwatanta wuri da dangantakarsa da wani abu. Yakan ce gabas da kasuwa, gusum da rijiya, bakin gulbi, gindin gawo, bayan makaranta. Sunan ƙauye a bakinsa ya haɗa gidaje, gonaki, da ƴan tungayen da suka fita daga cikinsa. Idan ɗalibai biyu suka je ƙauye ɗaya, ɗaya ya kafa alama a bakin kwalta inda mota ta sauke shi, ɗaya kuma a ƙofar maigari, za a sami alamu biyu masu suna ɗaya, wanda zai haɗa bayanan a ofis kuma zai ɗauka ƙauyuka biyu ne. Shawararmu ita ce a kafa alamar gari a ƙofar gidan maigari, a rubuta hakan a fili. Rijiya, kasuwa da makaranta kowace ta sami tata alamar. Ga mazaunin makiyaya da ke tashi bayan damina, dole a haɗa da kwanan wata, a kuma tambayi sunan da su kansu suke kiran wurin da Fulatanci ko Buzanci, domin sau da yawa ya bambanta da na maƙwabtansu manoma.

4. Abin da ke iya biyo bayan kuskure

Wani zai ce wannan duka taƙaddamar malamai ce. Misali biyu daga yankin sun isa amsa. Tun dokar ƙasar noma da kiwo ta 2 ga Maris 1993, kwamitocin filaye na gunduma, na komin da na ƙauye ne ke shaida gonaki da burtali, kuma a yau lambobin GPS suna shiga takardunsu. A yankin da aka yi rikicin Toda na Oktoba 1991, a ƙasar Gidan Rumji, inda fiye da mutum ɗari suka rasa rayukansu, ba wanda zai ɗauki iyakar burtali da wasa. Takardar da lambobinta ke nuna wuri ɗaya, sunan da ke kanta kuma yana iya nufin wurare biyu, tana buɗe ƙofar jayayya.

Na biyu, daga 2019 dubban mutane sun tsallako daga jahohin Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Gidan Rumji, daga baya aka matsar da waɗansu zuwa Garin Kaka, Dan Dadji Makaou da Chadakori, kamar yadda takardun Hukumar Ƴan Gudun Hijira ke rubuta su. A irin wannan aiki, ƙauyen da aka rubuta iri biyu ana iya ƙirga shi sau biyu, maƙwabcinsa mai suna irin nasa kuma a tsallake shi. Wannan misali yana kuma tuna mana cewa ba kowace alama ce ta dace da taswirar jama'a ba. Gidan wanda ya ba da bayani, wurin ibadar gargajiya, ko mafakar wanda ya gudo, a bar su a fayil ɗin bincike, kuma da izinin masu su.

5. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba da shawarar kowace alama da ɗalibi zai adana ta ƙunshi: lambar arewa sannan ta gabas, da ɗigo, lamba biyar bayansa, suna da rubutun Hausa, suna da rubutun hukuma, komin da gunduma bisa tsarin 2011, abin da aka kafa alamar a kansa, kwanan wata, da lambar muryar da aka ɗauka. A fitar da fayil duk maraice, a kuma kwafe lambobin a littafi.

Saura batun kalmomi. Mun yi amfani da “kafa alama” da “adana”. Ana iya tunanin “turke” a madadin alama, domin turke abu ne da ake kafawa a ƙasa a ɗaure wani abu a jikinsa, kamar yadda ake ɗaure suna a jikin ɗigo. Kafin a tsai da ɗaya, ya kamata a saurari abin da direbobi, ƴan kabu-kabu da ma'aikatan gona na Agye, Gazawa da Gidan Rumji suke faɗa idan suna tura wa juna wuri ta WhatsApp. Tattara waɗannan kalmomi zai iya zama batun kundin digiri na biyu.