Makunnin Tsaro da Matsalar Ragowar Wuta a Cikin Kafasita Mai Babban Ƙarfi

1.0 Gabatarwa

Akasarin masu amfani da kayan lantarki sun ɗauka cewa da zarar an kashe makunni, ko an zare waya daga soket, to haɗari ya ƙare. Wannan zato ya yi daidai game da ƙwan fitila ko dutsen guga, amma akwai na'urorin da bai shafa ba, wato waɗanda ke ɗauke da kafasita mai babban ƙarfi. Irin waɗannan na'urori kan riƙe wutar da za ta iya halaka mutum na tsawon mintoci, wani lokaci ma sa'o'i, bayan an raba su da tushen wuta. Duk wanda ya kashe irin wannan na'ura ya tura hannu cikinta nan take, to ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana makunnin tsaro da injiniyoyi ke sakawa domin sauke wannan ragowar wuta. Za a fara da bayanin kafasita da yawan ƙarfin da take ajiyewa, sannan a dubi makunnin da matakan da ke tallafa masa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, ana gane nagartar makunnin tsaro ne ta duban halin da yake faɗawa a ranar da wani abu ya lalace.

2.0 Kafasita da Yadda Take Ajiye Wuta

Kafasita, wadda wasu masu gyara ke kira kondensa, faranti biyu ne na ƙarfe da aka raba su da wani abin da wuta ba ta ratsawa, kamar takarda mai mai, ko leda, ko tangaran, ko gilashi. Idan aka haɗa ta da tushen wuta, caji kan taru a faranti guda, kishiyarsa kuma ya taru a ɗayan. Idan aka cire tushen, cajin ba shi da mafita, don haka sai ya zauna yana dakon duk abin da zai haɗa farantan biyu, waya ce, ko sukudireba, ko hannun mutum.

Tun ranar da aka gano kafasita aka gano haɗarinta. A shekarar 1745 wani Bajamushe mai suna Ewald Georg von Kleist ya tara caji a cikin kwalba. A farkon shekarar 1746 kuma Pieter van Musschenbroek na Jami'ar Laidin da ke ƙasar Holan ya yi irin wannan gwaji. Yana riƙe da kwalbar ruwa a hannu guda, sai ya taɓa wayar da ke cikinta da ɗaya hannun, wuta ta fizge shi fizgar da ta sa ya rubuta wa masanin Faransa, Réaumur, cewa ba zai sake yarda ya maimaita gwajin ba. Daga nan aka sami sunan kwalbar Laidin, wadda ita ce kakar kafasitocin yau.

2.1 Yawan Ƙarfin da Ake Ajiyewa

Ana auna girman kafasita da farad, ma'aunin da aka raɗa wa sunan Michael Faraday na Ingila. Da yake farad guda yana da girma ƙwarai, an fi amfani da maikurofarad, wato kashi ɗaya cikin miliyan na farad. Matsin wuta kuwa da bolt ake auna shi, ƙarfin da aka ajiye kuma da jul. Hanyar lissafin ita ce a ninka adadin bolt da kansa, a ninka da girman kafasita, sannan a raba biyu. Abin lura a nan shi ne, idan matsin wuta ya ninka sau biyu, ƙarfin kan ninka sau huɗu. Idan ya ninka sau goma, ƙarfin ya ninka sau ɗari.

Kafasitar na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana da kimanin maikurofarad 1, tana kuma ɗaukar wajen bolt 2,000, wanda ya ba da jul 2. A tsohuwar talabijin mai ƙeya, gilashin kwalbar hoton kansa yana aiki ne kamar kafasita, matsinsa kuma kan kai bolt 25,000 a talabijin mai launi. Hatta wutar gida ta Nijeriya mai bolt 230, idan aka daidaita ta a cikin kwamfuta ko talabijin ta zamani, takan cika kafasita zuwa kimanin bolt 325. Amma inda lamarin ya fi tsanani shi ne manyan injunan watsa shirye-shiryen rediyo, da na'urorin rada, da na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, da ɗakunan gwajin kimiyya. A ɗauki misalin kafasita mai maikurofarad 10 da aka cika zuwa bolt 10,000. Ƙarfin da ke cikinta jul 500 ne. Domin a gane nauyin wannan adadi, na'urar da likitoci ke girgiza zuciya da ita ba ta wuce jul 360 a mafi ƙarfin bugunta. Da wannan misali za a ci gaba da bayani.

3.0 Resistar Tsiyayarwa da Iyakarta

Hanya mafi sauƙi ta sauke caji ita ce a ɗaura resista a bakunan kafasita ta zauna dindindin. Resista aba ce da ke rage gudun wuta tana mayar da ita zafi, ana kuma auna ta da om. Aikinta a nan ya yi kama da ƙaramar huda a gindin randa: muddin ana zuba ruwa randar na cike, da an daina kuwa sai ta tsiyaye a hankali. Yawancin kafasitocin maikurowef suna da irin wannan resista mai om miliyan 10 a cikin gwangwaninsu.

Ana sanin saurin tsiyayar ta hanyar ninka girman resista da girman kafasita, abin da aka samu shi ne wa'adi guda a daƙiƙa. A kowane wa'adi matsin kan ragu zuwa kashi 37 cikin ɗari na abin da yake a da. Bayan wa'adi biyar kuma abin da ya saura bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Idan aka ɗaura resista mai om miliyan 1 a kan kafasitar misalin da ya gabata, wa'adin zai zama daƙiƙa 10, kuma za a jira kimanin daƙiƙa 53 kafin bolt 10,000 ya sauko zuwa bolt 50. Duk da wannan jinkiri, resistar tana cin wat 100 a banza duk lokacin da injin ke aiki.

A nan matsalar take. Idan aka ƙara girman resista domin rage asara, jiran ya tsawaita. Idan aka rage ta domin sauri, asarar ta wuce kima: resista mai om 1,000 za ta sauke cajin cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, amma da za a bar ta a haɗe dindindin da ta ci wat 100,000. Daɗin daɗawa, resistar da ke shan zafi dare da rana takan tsinke daga ciki, kuma idan ta tsinke injin na ci gaba da aikinsa lafiya lau, babu wata alama da za ta sanar da mai gyara cewa kariyarsa ta tafi.

4.0 Makunnin Tsaro

Makunnin tsaro shi ne maganin wannan tsaka mai wuya. Yana ware ƙaramar resistar nan mai sauri a lokacin da injin ke aiki, ya kuma jona ta da kafasita a daidai lokacin da aka kashe wuta. Ta haka aka sami sauri ba tare da asara ba.

4.1 Ƙirarsa

Makunnin da aka saba da shi a gida yana zaune ne a buɗe, sai an taɓa shi yake rufe hanyar wuta. Makunnin tsaro akasin haka yake: zamansa na asali a rufe ne, wato kafasita a haɗe da hanyar sauke caji. Sai an ba shi wuta sannan wani maganaɗisun lantarki ke ɗaga sandar ƙarfen da ke cikinsa ya riƙe ta a sama. Da wutar ta yanke, ta kowane dalili, maganaɗisun ya saki, nauyin sandar ko ƙarfin sifirin ya dawo da ita kan mahaɗarta.

Hikimar wannan tsari tana bayyana ne idan aka bi hanyoyin lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Idan wutar gari ta ɗauke, sandar ta faɗo. Idan fis ya ƙone, ta faɗo. Idan wayar maganaɗisun ta tsinke, ko naɗinsa ya ƙone, nan ma ta faɗo. A kowane hali injin ne ke tsayawa, mutum kuwa ya tsira. Da a ce makunnin na buƙatar wuta kafin ya sauke caji, da ya gaza a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Wannan ne ya sa masu ƙira da yawa suka fi amincewa da nauyin sanda, domin nauyi ba ya gajiya kamar yadda sifirin kan gaji.

4.2 Dalilin Sanya Resista

Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana sandar ta haɗa bakunan kafasita kai tsaye? Amsar ita ce, idan babu resista, wutar da za ta kwarara kan kai dubban amfiya cikin ƙiftawar ido. Sakamakon haka shi ne tartsatsi da ƙara kamar ta bindiga, da narkewar mahaɗar makunni har ta manne, da lalacewar kafasitar kanta. Da resista mai om 1,000 kuwa, wutar farko amfiya 10 ce kacal. Sai dai dole resistar ta iya shanye jul 500 gaba ɗaya a bugu guda, shi ya sa ake zaɓar masu kauri na tangaran. A manyan injuna akan yi mataki biyu: makunni na farko ya sauke caji ta resista, na biyu kuma ya biyo baya ya haɗa kafasitar da ƙasa kai tsaye.

Har ila yau, jerin aikin yana da muhimmanci. Wajibi ne tushen wuta ya yanke kafin makunnin ya rufe, in ba haka ba resistar za ta ƙone.

4.3 Makullin Ƙofa

Ana haɗa makunnin tsaro da ƙofar akwatin injin ta yadda buɗe ƙofar kaɗai ya isa ya yanke wutar maganaɗisun. A wasu injunan watsa shirye-shirye ma, ƙofar ce da kanta ke danne sandar, da an buɗe ta sandar ta faɗa. Akwai kuma tsarin mabuɗi mai maƙalewa, wanda James Harry Castell ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1920. A wannan tsari mabuɗin ƙofa ba ya fita daga jikin makunni sai an kashe wuta an kuma haɗa kafasita da ƙasa. Ke nan mai gyara ba shi da hanyar tsallake mataki, ko da ya yi mantuwa ko yana gaggawa.

5.0 Dawowar Caji da Sandar Ƙasa

Akwai wata ɗabi'a ta kafasita da ke yaudarar hatta ƙwararru. Abin da ya raba farantan nan biyu kan tsotse wani ɓangare na cajin, ya riƙa sakinsa a hankali. Saboda haka, idan aka sauke caji na ɗan lokaci aka cire hanyar, bayan wasu mintoci sai a tarar matsin ya sake tasowa. Rudolf Kohlrausch na Jamus ya yi nazarin wannan al'amari a kan kwalbar Laidin tun a shekarar 1854. Ko da kashi 2 cikin ɗari ne ya dawo, a kafasita mai bolt 10,000 ya zama bolt 200. Wannan ne dalilin da ya sa ake barin makunnin tsaro a rufe har a gama aiki, ake kuma ajiye manyan kafasitoci a sito da waya ɗaure a bakunansu.

Mataki na ƙarshe yana hannun mai gyara. Makunni ma kan cije, ko ƙura da tsatsa su hana mahaɗarsa kamawa. Don haka ake rataye sandar ƙasa a jikin irin waɗannan injuna. Doguwar sanda ce da wuta ba ta ratsa ta, da ƙugiyar ƙarfe a kanta, da kuma waya mai kauri da ta haɗa ƙugiyar da ƙasa. Mai gyara kan duba wayar da idonsa, ya taɓa ƙugiyar a kan kowane bakin kafasita, sannan ya rataye ta a can har ya kammala. Haka kuma yakan auna matsin da mita, bayan ya gwada mitar a kan wutar da ya sani domin ya tabbata tana aiki.

6.0 Abin da Ƙa'idoji Suka Tanada

Kundin ƙa'idojin lantarki na Amurka, a sashe na 460, ya wajabta cewa matsin da ya saura ya sauko zuwa bolt 50 ko ƙasa da haka cikin minti 1 ga kafasitar da ba ta wuce bolt 1,000 ba, da kuma cikin minti 5 ga wadda ta wuce haka. Hukumar daidaita kayan lantarki ta duniya, wato IEC, a ƙa'idarta mai lamba 60204-1 da ta shafi injunan masana'antu, ta sanya bolt 60 cikin daƙiƙa 5. Inda hakan ba zai yiwu ba kuma sai a liƙa gargaɗi mai nuna tsawon lokacin jira. Irin wannan gargaɗi ne ake gani a jikin inbatar sola. Motocin lantarki ma, masu aiki da bolt 400 zuwa 800, suna da nasu tsarin sauke caji, sai dai a nan taranzista ce ke yin aikin da sandar ƙarfe ke yi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kashe wuta da ƙarewar wuta abubuwa biyu ne daban a duk na'urar da ke da babbar kafasita. Resistar tsiyayarwa tana da jinkiri, tana kuma iya mutuwa a ɓoye. Makunnin tsaro ya cike wannan giɓi, saboda an ƙera shi ta yadda kusan duk wata lalacewa ke kai shi ga sauke caji. Makullin ƙofa ya ɗauke wa mutum nauyin tunawa, sandar ƙasa da mita kuma suna bincikar dukkan matakan da suka gabace su. Babban haɗarin da ya rage shi ne al'adar wasu masu gyara ta toshe makullin ƙofa da takarda ko waya domin su duba injin yana aiki, su kuma bar shi haka. Wanda zai buɗe ƙofar a bayansu zai zo ne da amincewa cewa kariyar na nan, alhali an riga an cire ta.