Kumfar Cakulan, Abin Da Bafaranshe Ke Rufe Liyafa Da Shi

A ƙasar Faransa, idan mutum ya gayyaci baƙi cin abincin dare, ba a cewa an gama sai an kawo ɗan abin zaƙi daga ƙarshe. Uwargida ta kan fi damuwa da wannan fiye da naman da ta wuni tana gasawa, domin ɗanɗanon da ya zo a ƙarshe shi ne baƙo ke tafiya da shi gida. Cikin ire-iren waɗannan kayan zaƙi akwai wanda su ke kira mus, watau kumfa da harshensu. Cakulan ne a ke narkarwa, a haɗa shi da farin ƙwai wanda aka buga har ya tashi, a sa a wuri mai sanyi ya kama jikinsa. In an yi shi daidai, sai ka ga ya tsaya a cokali, amma da ya taɓa harshe sai ya narke ka neme shi ka rasa. Tun cikin ƙarni na 18 masu dafuwar Faransa su ke rubuta yadda a ke yin irinsa, har yau kuwa da wuya ka shiga gidan abinci a birnin Paris ka rasa shi.

Kafin mu shiga madafa, ya kamata mu san asalin abin da za mu narkar. Cakulan daga ƙwayar koko a ke yinsa, ba kokon da mu ke sha da ƙosai ba, a'a, wani itace ne wanda asalinsa kurmin Amurka ta Kudu. Mutanen Maya da Aztek na ƙasar Meziko sha su ke yi, da ɗacinsa, har Aztek su kan yi ciniki da ƙwayar kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Mutanen Sifen suka kai shi Turai cikin ƙarni na 16, aka sa masa sukari, ya zama abin shan masu sarauta. Sai a 1828 gidan Van Houten na ƙasar Holan suka fito da injin matse man koko daga ƙwayar, a 1847 kuma kamfanin Fry na Biristol a Ingila ya fara yin cakulan na ci, a 1879 Rodolphe Lindt na Suwizalan ya gano dabarar murza shi har ya yi laushi ba tsakuwa.

A nan ne labarin ya ratso ta ƙofar gidanmu. A wannan shekara ta 1879 a ke cewa Tetteh Quarshie ya shuka kokon da ya kawo daga tsibirin Fernando Po a ƙasar da yanzu a ke kira Gana. Yau Kwaddibuwa da Gana su biyu ke noma wajen rabin kokon duniya, Nijeriya da Kamaru ma na cikin manyan masu nomansa. Kuɗin koko na cikin abin da ya ɗauki nauyin karatun firamare kyauta da aka fara a Jihar Yamma a 1955, da shi kuma aka gina dogon benen nan na Ibadan mai suna Cocoa House, wanda aka buɗe a 1965. Saboda haka in ka sayi cakulan da aka yi a Turai, mai yiwuwa ne ƙwayar da ke cikinsa daga Ondo ta tashi, ta yi yawon duniya ta komo da tsada.

To, ga kayan da a ke bukata don baƙi 6: baƙin cakulan gram 200, ƙwai 6 sababbi, sukari cokali 2 babba, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su tsinta. Wanda ya so ya ƙara bota gram 30. Shi ke nan. Amma a lura da cakulan ɗin. A duba takardarsa, a nemi wanda aka rubuta koko kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Mai madara ya cika zaƙi, ba ya kuma kamawa sosai. Mai arahar nan da aka zare masa man koko aka sa wani man a madadinsa, shi kam ya kan bar maiƙo a dasashi, baƙo kuwa zai ji ko da bai faɗa ba.

Da farko a kakkarya cakulan a zuba a busasshen kwano. A ɗora tukunya da ɗan ruwa, in ya yi zafi a rage wuta, a aza kwanon a bakin tukunyar yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba. Tururi kaɗai ya isa. Man koko ya kan narke a wajen digiri 34 na ma'aunin santigired, watau ƙasa da zafin jikin mutum kaɗan, shi ya sa ma ya ke narkewa a baki. In zafi ya wuce digiri 50 da yawa sai ya fara ƙauri, ba kuwa maganin ƙauri.

Akwai wani haɗari a nan wanda ni kaina na faɗa cikinsa, don haka zan daɗe a kansa. Ranar da na fara gwada wannan abu, na gayyaci waɗansu abokan aiki huɗu, na riga na cika musu baki. Don in gaggauta narkewa sai na kawo murfi na rufe kwanon. Da na buɗe, gumin da ya taru a murfin ya ɗiga ciki, bai fi ɗigo uku ba. Ina juyawa sai abin da ke malala yana sheƙi ya dunƙule ya zama kamar jar laka. Na ƙara wuta, ya ƙara tauri. Daren nan da shayi da gyaɗa aka sallami baƙi, suka kuma daɗe suna tambayata labarin kumfa. Daga baya na fahimci dalili. Narkakken cakulan mai ne wanda ƙananan ƙwayoyin sukari da na koko ke yawo a cikinsa a bushe. In ɗan ruwa ya shiga, sai sukarin ya jiƙe, ƙwayoyin su manne wa juna, kamar yadda ɗigon ruwa ke yin gudaji a cikin gari. Saboda haka kada a rufe kwano, kada a sa jiƙaƙƙen cokali. In kuwa ƙaddara ta afka, kada a zubar: a riƙa ƙara ruwan zafi cokali cokali ana juyawa, zai saki.

In ya narke a sauke, a bar shi ya huce har mutum ya iya sa yatsa ya ji ɗumi kawai. Sa'an nan a fasa ƙwai, a ware gwaiduwa dabam, fari dabam. A zuba gwaiduwar cikin cakulan ɗaya bayan ɗaya ana juyawa. In an zuba da sauran zafi, wainar ƙwai za a samu.

Sai farin ƙwai, wanda shi ne ran abin duka. Kusan kashi 90 cikin 100 na farin ƙwai ruwa ne, sauran kuwa wani sinadari ne mai kama da zaren da aka naɗe. Bugu shi ke warware zaren, ya kewaye iskar da ke shiga, har farin ya kumbura ya ninka kansa sau da yawa. Babban abokin gabansa maiƙo ne. Ɗigon gwaiduwa ɗaya, ko kwanon da aka ci miya ba a wanke da kyau ba, ya isa ya hana shi tashi ko da za a kwana ana bugu. A sa gishirin, a buga da maburgin waya ko da inji. In ya fara fari a riƙa barbaɗa sukarin kaɗan kaɗan. An kai gaci idan aka ɗaga maburgi aka ga tsinin kumfar ya tsaya, kansa ya ɗan sunkuya. Kada a wuce nan. Wanda aka buga fiye da kima ya kan bushe ya tsattsage, ba ya haɗuwa.

Wajen haɗawa a ke gane gwani. A ɗebi kashi ɗaya cikin uku na kumfar a zuba a cakulan, a juya da ƙarfi ba tsoro, don ya sassauta. Sauran kuwa sai da lallami. A zuba shi sau biyu, a sa faffaɗan cokali ya ratsa tsakiya har ƙasa, a kwaso na ƙasa a kifa a sama, ana juya kwanon a hankali. Hannun da ya saba tuƙa tuwo zai so ya yi abin da ya saba, sai a hana shi, domin iskar da aka sha wahala aka tara ita ce tuƙi ke korewa. Da an daina ganin fari a tsaya. A zuba a ƙananan kofuna, gilashi ya fi kyaun gani, a sa a firji aƙalla awa 3. Wanda zai yi baƙi da dare ya yi shi da hantsi.

Littattafan Turawa da yawa su kan ce a ƙara ɗan barasa don ƙanshi, waɗansu kuma su ce a sa jelatin, wanda galibi daga fatar alade a ke yinsa a Turai. Ba ɗaya daga cikinsu da ya zama dole. Cokali 2 na gahawa mai ƙarfi, a zuba tun kafin a fara narkarwa, ko gogaggen ɓawon lemon zaƙi ɗaya, sun wadatar. Ni ɓawon lemon na fi so.

Yanzu ga maganar da ba ta wasa ba. Ƙwan da ke cikin wannan kumfa ɗanye ne, ɗanyen ƙwai kuwa ya kan ɗauki wata ƙwayar cuta mai suna salmonela, mai kawo zazzaɓi da gudawa da murɗar ciki. Babba mai lafiya ya kan warke cikin 'yan kwanaki, amma ga mai ciki, da ƙaramin yaro, da tsoho, da mai jinya, abin ya kan yi tsanani. Kada a ba su. Faransa ƙasar sanyi ce, mu kuwa a watan Afrilu zafi ya kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, inda cuta ke hayayyafa da sauri. Firji ya kasance a digiri 4 ko ƙasa, a cinye cikin kwana ɗaya, in kuma wuta ta ɗauke har abin ya yi awa 2 a ɗumi, a zubar, kada a yi ƙyashi. Asarar ƙwai 6 ta fi a ce baƙonka ya kwana a asibiti.

Ga wanda ke son kauce wa ƙwai akwai hanya biyu. Ta farko, a sa kirim na madara mai maiƙo kashi 30 ko fiye, wajen mililita 300, a buga shi da sanyinsa har ya yi kauri, a haɗa yadda aka bayyana a sama. Ta biyu ta fi ban mamaki, wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Hervé This ne ya fito da ita a 1995. Cakulan ne da ruwa kawai. A narkar da gram 225 cikin ruwa mililita 200, a aza kwanon a kan ƙanƙara, a yi ta bugu har ya yi kauri kamar kirim. Mai karatu zai ce, ba yanzu aka ce ruwa na ɓata shi ba? Ɗan kaɗan ne ke ɓatawa. In ya yi yawa sai sukarin ya narke gaba ɗaya, ba sauran abin da zai manne. Wannan hanya tana da wani alheri kuma: in an wuce gona da iri ya yi tauri, sai a mai da shi kan tururi ya narke, a sake daga fari. Malaman da ke koyar da kimiyya za su iya gwada shi a gaban aji.

Wajen kawowa, a fitar da kofunan daga firji sai baƙi sun gama cin abinci, kada su zauna a tebur suna jira. A kankare ɗan cakulan da wuƙa a barbaɗa a kai, ko a ɗora yankan mangwaro ko na ayaba a gefe. A ba kowa ƙaramin cokali da kofin ruwan sanyi. Kada a cika kofi, domin abu ne mai nauyi duk da kamarsa ta kumfa, rabin kofin shayi ya ishi mutum guda. In akwai mai ciki ko yara a cikin baƙin, a yi musu na ruwan ko na kirim, a sa a kofuna masu wata kama dabam don kada a rikita.