Tsohon Irin Shinkafa Bai Gama Aikinsa Ba a Fadamun Bagudo

Kogin Kwara na shigowa Nijeriya ne ta kusurwar da Kebbi ta haɗu da Nijar da Benin, ya ratsa ƙasar Bagudo, ya bar fadamu masu faɗi daga Lolo da Illo har zuwa gabas. Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa sun daɗe suna noman shinkafa a nan, kamar 'yan'uwansu na Malanbil a tsallaken iyaka. Amma irin da ke hannun manomi yau ba shi ne na kakansa ba. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, iri irin su FARO 44, wanda manoma ke kira sipi, suka ƙara mamaye gonaki, jar shinkafa ta gargajiya kuma ta ƙara komawa gefe. A ganina sakin tsohon irin gaba ɗaya ganganci ne, kuma sauyin yanayi ne zai fara nuna mana haka.

Jar shinkafar nan ba daga Asiya ta zo ba. Masana sun nuna cewa a fadamun Kwara na ƙasar Mali aka fara nomanta, kimanin shekara 3,000 da suka wuce, don haka da kogin nan ta tashi. Wasu nau'o'inta na zurfin ruwa ne: idan kogi ya fara cika sai karan ya riƙa miƙewa yana bin ruwan, ganye na sama, saiwa na ƙasa, har a kai ga girbinta cikin kwale-kwale. Tana saurin rufe ƙasa da ganye ta danne ciyawa, tana jure ƙasa mai tsatsa, tana kuma da ƙarfin jure wasu cututtuka da ƙwari da ke kayar da shinkafar Asiya. Ga batun zafi. Idan zafi ya haura maki 35 a lokacin da shinkafa ke fure, da yawa daga cikin ƙwayoyin kan fito holoƙo, buhu ya cika da ƙaiƙayi. An lura cewa shinkafar Afirka kan buɗe furenta da sassafe, kafin rana ta take. Ga mai noman rani da shinkafarsa ke fure a Maris ko Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ambaliyar 2020 ta isa shaida. A waccan daminar Kwara ta yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ruwan ya gangaro ya shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi, har da na Bagudo, ana dab da girbi. An ga irinta a 2012, aka sake gani a 2022. Sipi gajeriya ce, an ƙirƙire ta ne don gonar da manomi ke iko da ruwanta. Idan ruwa ya shanye kanta na 'yan kwanaki, shi ke nan. Wanda ya zuba ta a ƙasan fadama, inda kakanni ke watsa mai bin ruwa, ya sa irin da ya dace a wurin da bai dace ba, kuma da kuɗin bashi.

Mai ja da wannan magana yana da hujja, kuma mai ƙarfi ce. Tsohon iri ba ya bayar da yawa. Yakan kwanta idan ya yi nauyi, ƙwayarsa na zubewa kafin a yanka, yana daɗewa a gona, yana karyewa a inji, kuma manyan masana'antu irin su WACOT ta Argungu da Labana ta Birnin Kebbi doguwar farar ƙwaya suke nema, domin ita 'yan birni ke saye. Manomin da ke da iyali da bashi ba zai bar buhu da yawa ya kama kaɗan don kishin tarihi ba, kuma babu mai hankalin da zai ce ya yi hakan. Sai dai lissafin buhu na shekara guda ba ya nuna gaskiya duka. A haɗa shekara biyar, a cire wadda ruwa ya cinye, a cire kuɗin takin zamani da maganin ciyawa da man injin ban-ruwa, wanda ya ninka tun da aka janye tallafin fetur a Mayu 2023, tazarar za ta ragu ƙwarai a gonakin ƙasan fadama. Ba cewa ake a tumɓuke sipi ba. A bar ta a tudun fadama da noman rani, a mayar wa zurfin ruwa irinsa.

Akwai kuma masu cewa kimiyya ta riga ta warware matsalar, tunda a 2017 an fito da FARO 66 da FARO 67 masu jure nutsewa na kusan mako biyu. Gaskiya ne, kuma ya kamata su isa hannun kowane manomi a Bagudo. Amma daga ina juriyar ta fito? Daga wani tsohon iri ne da ƙananan manoma a gabashin Indiya suka riƙe shekara da shekaru. Haka NERICA, wadda Monty Jones ɗan Saliyo ya samar a shekarun 1990 har ta kai shi ga lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004: auren shinkafar Asiya ce da jar shinkafar Afirka. Ɗakin bincike ba ya ƙirƙirar juriya daga babu, a rumbun manomi yake samo ta. Bayan haka, mako biyu ba wata biyu ba ne, kuma cikar Kwara takan zauna.

Ko manoman inabi na Bodo a Faransa, waɗanda suka fi kowa taurin kai a kan irin da za a dasa, sun sassauta a 2021: an amince musu da nau'o'i 6 saboda zafi, ciki har da wani tsohon irin yankin da aka kusa mantawa da shi da wasu daga Fotugal. Abin da suke yi da inabin ba namu ba ne, amma dabarar tamu ce tun asali.

Maganar tsohon iri kan jawo batun noma ba takin zamani, shi kuwa yana son taka-tsantsan. Sri Lanka ta haramta takin zamani dare ɗaya a 2021, noman shinkafarta ya faɗi, ta janye dokar kafin shekara ta cika. Babu mai son haka a Kebbi. Abin da Bagudo ke da shi ya fi doka amfani: laka mai albarka da ambaliya ke shimfiɗawa kowace shekara, da garken Fulanin Ka'oje da kewaye, waɗanda a da kan kwana a gona bayan girbi su ci hakin shinkafa su bar taki. Tsohon iri da wannan tsari ya saba, kuma idan aka cika masa takin zamani ma kwanciya yake yi. Ƙona tattaka bayan girbi asarar taki ce da abincin dabba a lokaci guda.

Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi tana da reshe a Birnin Kebbi, akwai kuma rumbun adana iri na ƙasa a Ibadan. Ya kamata ma'aikatar gona ta Kebbi ta haɗa kai da su a bi ƙauyukan bakin kogi daga Lolo zuwa Illo, a tattara irin da ya rage a hannun dattawa da sunayensa da zurfin ruwan da kowanne ke so, a gwada su a gonakin manoma, a kuma nema wa jar shinkafa kasuwarta ta masu tuwo da masa. Manomin da har yanzu ke da tiya guda ta irin kakansa, kada ya kai ta inji bana. Ya ware mata kusurwa a ƙasan fadama ya shuka.