Yadda Za Mu Kare Kududdufi Daga Ciyawa Da Gansakuka

'Yan'uwa manoma, kududdufi dukiya ne. A nan dabbobi ke shan ruwa. A nan ake ɗibar ruwan ban-ruwa da rani. Wasu kuma suna kiwon tarwaɗa da karfasa a ciki. Amma in aka yi sakaci, ciyawa da gansakuka sai su cinye shi.

ME KE KAWO SU?

Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah. Gaskiya ne. To, amma abinci ne ke sa ta yaɗu. Abincinta shi ne takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gona, da kashin dabbobi, da ragowar abincin kifi. Gansakuka ma haka take. Bado da kacala kuwa sun fi son wurin da ba zurfi.

WACE ƁARNA SUKE YI?

Kifi yana shaƙar iskar da ke cikin ruwa. Da rana gansakuka tana ƙara wannan iska. Da dare kuwa ita ma shanye ta take yi. Shi ya sa in ta yi yawa, za ka ga kifi ya taso sama da asuba yana haki. In ba a yi maza ba, sai ya mutu.

Ciyawa kuma maɓoyar sauro ce. A jikinta ne ƙananan katantanwa ke zama, su ne ke yaɗa cutar tsargiya.

Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun ga aikin kacala. Bayan an gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki da wuraren su. Tsuntsayen jan-baki kuma suka sami mafaka a ciki.

YADDA ZA KA GWADA RUWANKA

Ɗan kore-kore a ruwa ba laifi ba ne, abincin karfasa ne. Tsoma hannunka har gwiwar hannu. In kana hangen tafinka dishi-dishi, ruwan ya yi daidai. In tafin ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, gansakuka ta yi yawa. Daina zuba taki, rage abincin kifi, ka ƙara sabon ruwa in da hali.

In ka ga kore yana yawo a sama kamar an zuba fenti, ga wari, hana dabbobi sha. Irin wannan yana iya zama guba.

ABIN DA ZA A YI

1. Tsame kainuwa da raga ko manjagara tun tana kaɗan. Yi haka kowane mako.

2. Yanke kacala a ƙarƙashin ruwa. Ta ganyenta saiwarta ke samun iska. In ruwa ya rufe kututturen, sai ta ruɓe. In ta sake tohowa, a sake yanka.

3. Kada ka bar ciyawar a bakin ruwa. Kai ta nesa, ka tara ta da kashin dabbobi ta zama taki.

4. In ruwa ya ja baya da rani, yashe laka, ka ƙara wa gefen kududdufi zurfi har ya kai kamar mita 1.

5. Yi ɗan shinge da ƙasa don ruwan gona kada ya gangaro ciki. Ware wa dabbobi mashaya ɗaya, ko ka ɗebo musu a kwami.

6. Sa dogon takalmin roba in za ka shiga. Hana yara wanka, fitsari da bahaya a ciki.

GARGAƊI

Kada ka fesa maganin ciyawar gona a cikin ruwa. Yana iya kashe kifi, ya cuci dabbobi da mutane. Ko bai kashe su ba, ciyawar da ta mutu gaba ɗaya za ta ruɓe ta shanye iskar ruwan. Nemi shawarar malamin gona tukuna.

In kududdufin na gari ne, a gaya wa mai unguwa a kira gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.