Sirrin Sanyin Soron Ƙasa

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Dutse, wanda ya shiga tsohon soro a unguwar Garu zai ji sanyin da ɗakin bulo da kwano ba ya bayarwa. Dalilin yana cikin kaurin bangon tubali da rufin azara: suna shanye zafin rana a hankali, ba sa sakinsa sai dare ya yi, shi ya sa da hunturu ɗakin ke kwana da ɗumi. Ƙananan tagogi can sama suna fitar da iska mai zafi. Abin da injiniyoyi ke koyarwa yau ke nan, magina sun daɗe da saninsa.

Za a ce damina na cin ginin ƙasa, yaɓe kuma wahala ne duk shekara. Gaskiya ne, amma makuba da indararo mai kyau suna kare bango, ɗan siminti a cikin ƙasar kuma yana ƙara mata ƙarfi. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991 ake ta gina ɗakunan da ba sa zaunuwa in an ɗauke wuta. Mai shirin gini, ka rage tagogin yamma, ka kaurara bango, ka dasa darbejiya a gefen yamma.