Randa Ta Fi Ƙanƙara Wajen Sanyaya Tankin Kifin Teku

Da zarar zafi ya kankama, shawarwari biyu ne ke sake kunno kai a bidiyoyin YouTube da Facebook na masu kiwon kifin teku a tankin gilashi. Ta farko, a daskarar da gorar ruwa a jefa ta cikin tankin. Ta biyu ta fi ɗaukar ido: a samo ƙaramin firji, a huda gefensa, a nannaɗe doguwar tiyo a ciki, ruwan tanki ya riƙa shiga da ɗumi yana fitowa da sanyi. Ba a ga laifin mai neman dabara ba, domin injin sanyaya ruwa na kamfani yana da tsada, wani ma ya fi ƙaramin tankin da za a haɗa masa kuɗi. Masu wannan gardama galibi suna Amurka da Turai da Asiya, inda kiwon ya yi ƙarfi, amma bidiyo ba shi da iyakar ƙasa, kuma mai sha'awar irin tankin da ya gani a wani otal daga nan yake ɗaukar karatu. Abin takaicin shi ne dabarar da ta fi aiki ita aka fi rainawa, alhali duk tsohuwar da ke da randa a tsakar gida ta san sirrinta.

Wanda ya saba da tarwaɗa zai yi mamakin wannan damuwa, don tarwaɗa tana shan wuya a kududdufin da ya kusa ƙafewa, har iska take shaƙa kai tsaye. Kifin da ke rayuwa cikin murjanin teku bai san wannan horon ba. Ruwan da ya fito a cikinsa da ƙyar zafinsa ke motsawa tsakanin safe da yamma, shi ya sa ake riƙe tankinsa tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyos. Murjanin ma ya fi kifin tsada wajen lallashi. Dabba ce mai rai, kuma a cikin naman jikinta akwai wata ƙanƙanuwar gansakuka da ke ba ta abinci da launi. Idan zafi ya haura abin da ta saba da shi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe makonni, sai ta fitar da gansakukar ta koma fara fat. Haka ya faru ga babban jerin murjani na gabar Ostareliya a 1998 da 2002, sannan a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Ga kuma matsalar numfashi: ruwan teku yana riƙe iskar oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma yana ƙara ɗumi tana ƙara raguwa, daidai lokacin da jikin kifin ke neman ƙari. In ka ga kifi ya taso sama yana haki, launinsa ya dusashe, ya ƙi kallon abinci, ka duba ma'aunin zafi kafin ka nemi magani.

To, a ɗora ƙanƙara a kan sikeli. Ɗauki tanki mai lita 200. Kilo ɗaya na ƙanƙara, daga narkewarsa har ruwansa ya yi ɗumi daidai da na tankin, abin da zai rage bai wuce kimanin rabin digiri ba. A gefe guda, ƙaramin famfon da ke juya ruwa, mai cin wat 30, kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa a cikin ruwan, kuma zafin da yake zubawa a kwana ɗaya sai an narkar da kusan kilo 6 na ƙanƙara kafin a biya shi. Ba a ma zo kan fitila ba, ba a zo kan zafin ɗaki da ke ratsa gilashi ba. Mai jefa gora kamar mai kwasar ruwa da ludayi ne daga kwale-kwalen da ke yoyo. Za a ce ai an ga ma'auni ya sauka da ido. Gaskiya ne, ya sauka, amma bayan awa biyu ya koma inda yake, kuma wannan hawa da sauka shi ne ainihin abin da halittun teku ba su iya ɗauka ba. Kamar mutum ne a fitar da shi daga ɗaki mai sanyi a tsayar da shi a rana, a mayar, a sake fitarwa, sau biyar a yini. Gorar ƙanƙara a rufe ruf tana da ranarta, ranar da aka ɗauke wuta zafi ya kai maƙura. Agajin gaggawa ce, ba a gina kiwo a kanta.

Firjin da aka huda shi ma bai cika alkawari ba. An ƙera shi ne ya sanyaya abin da aka ajiye aka rufe ƙofa, ya huta, ya sake tashi. In aka ratsa shi da ruwan ɗumi da ba ya yankewa, injinsa ba zai ga hutu ba har ya gaji. Roba ba ta saurin miƙa zafi, iskar cikin firjin ma haka. Wanda ya gane hakan sai ya ce bari ya sa bututun jan ƙarfe, nan kuwa ake yin babbar asara, domin ruwan gishiri yana cin jan ƙarfe, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa guba ne ga murjani da jatan lande. Dalilin da ya sa kamfanoni ke amfani da ƙarfen titaniyom ke nan, kuma yana cikin abin da ke sa injinansu tsada.

Randa kuwa ba ta cin wuta. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta kwashe shi, ya tafi da zafin na ciki. Shi ne aikin gumi a jikin mutum, shi ne sanyin da ake ji in an fito wanka iska ta kaɗa. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke riƙe yalo da tumatir su daɗe ba su lalace ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Lissafin ya goyi bayansa: lita ɗaya da ta bi iska daga tankin nan mai lita 200 tana tafiya da zafin da ya kai kusan digiri 3, wato fiye da ninki biyar na abin da kilon ƙanƙara ya yi. Haɗa wannan dabara a tanki ba wuya. A cire murfin gilashi a sa raga, saboda wasu kifayen suna tsalle. A ɗaure ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12 guda biyu ko uku a bakin tankin, a karkata su iskar ta riƙa shafar fuskar ruwa har a ga 'yan ƙananan igiyoyi suna gudu. A haɗa su da ɗan makunnin da ke auna zafi, ya kunna su a digiri 26 da rabi ya kashe a 25 da rabi. Wutar da suke ci kaɗan ce, batirin sola zai riƙe su in an ɗauke wuta, kuma bolt 12 ya fi aminci kusa da ruwan gishiri. A janye tankin daga taga, a mayar da kunna fitila zuwa dare.

Sai dai wannan sanyi ba kyauta ba ne, kuma a nan ne masu bidiyo ke yin shiru. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, kamar miyar da aka bari a wuta ta tsotse. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, tankinmu ke nan yana ɗauke da kilo 7. In lita 2 na tafiya kullum, cikin kwana 5 gishirin ya kusa giram 37 a lita. Kuskuren da ya fi ɓata rai shi ne mutum ya ga ruwa ya ragu ya haɗa ruwan gishiri ya cike, yana ganin ya kyauta. Duk lita 10 da ya ƙara haka, ya jibga giram 350 a kan wanda bai je ko'ina ba. Wace mai girki ce miyarta za ta tsotse ta ƙara mata gishiri? Ruwa zalla ake ƙarawa, tatacce, marar kulorin, kaɗan-kaɗan kowace rana, bisa alamar da aka zana a jikin gilashi.

Akwai mai cewa fanka ba ta isa ko'ina ba, kuma yana da gaskiya. Ruwan randa a watan Maris ya fi na Agusta sanyi, saboda busasshiyar iska ta fi jiƙaƙƙiya ɗaukar tururi. A Legas ko Fatakwal ribar fanka kaɗan ce. A Sakkwato ko Maiduguri iska a bushe take a bazara, amma zafin Afrilu yakan haura digiri 40, kuma ɗakin da kwanonsa ya gasu zai iya fin ƙarfin fankar. In haka ta faru, sai sanyaya ɗakin gaba ɗaya ko sayen injin na gaske da wutar da ba ta yankewa. Ya kamata mai sayar da kifin ya faɗi wannan kafin ya karɓi kuɗi, tunda yawancin kifin adon ruwan gishiri daga teku ake kamo su, musamman Indonesiya da Filifin, sun sha doguwar tafiya kafin su iso. Don haka, mai karatu, in kana da niyya, cika tankinka da ruwa, kunna famfo da fitila da fanka, ka bar shi ba kifi mako biyu a watan da ya fi zafi, kana rubuta ma'auni da asuba da la'asar. In ya wuce digiri 28, kada ka sayi kifin tukuna.